Shekarar da Na Auna Haddar Baba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu tun kafin a haifi yawancinku, kuma na san ta iso kunnuwanku, domin ina lura da yadda kuke sunkuyar da kai in an ambaci kakanku Alaramma ina zaune. Ana cewa ni na hana shi zuwa jan baƙi a Falgore, na zo da takardar boko na sauke shi daga kan buzunsa, daga nan bai sake komawa daidai ba har Allah Ya karɓi abinsa. To, rabin maganar gaskiya ne. Ni na ce kada ya tafi, kuma da yau za a sake tambayata, abin da zan faɗa ke nan. Laifina yana wani wuri daban, inda masu ba da labarin ba su cika tsayawa ba, kuma ya fi wanda suke faɗa muni. Gara ku karanta shi da rubutun hannuna tun ina iya riƙe biro, da ku ji shi a zaman makoki daga bakin wanda ba ya wurin.

Kakanku mahaddaci ne na gasken gaske. Sau uku ya rubuta Alƙur'ani da ka, babu littafi a gabansa, daga shi sai alƙalamin kara da tawada. Gidanmu a Daura yake, Daurarmu ta Karaye, muna noman dawa da gyaɗa kamar kowa, kuma abin da ya bambanta mu da maƙwabta zauren ne kawai. Kullum da hantsi sai ka ga kekuna jingine da katanga, manyan gardawa masu gemu, wasu tun daga Jajaye, sun zo darasu. Kowa ya rubuto allonsa da ka, ya durƙusa ya karanta a gaban Baba, shi kuwa idonsa a rufe, da zarar an tsallake wasali ɗaya sai ya ɗaga yatsa. Ba ya faɗa, ba ya tsawa, yatsan nan ne kawai. Na ga ƙato mai 'ya'ya biyar gumi yana keto masa saboda yatsan nan.

In azumi ya zo kuma, sai ya ɗaure kayansa a bayan keke ya nufi Falgore ta ƙasar Rogo, wurin amininsa Malam Haladu mai tafsiri. Baba ya ja aya, Malam Haladu ya fassara, kullum bayan la'asar har watan ya ƙare. A gidan yayata Rakiya yake sauka, don can aka yi mata aure. Wasu masu jan baƙi da littafi a gabansu suke zama, ba kuma laifi ba ne, amma Baba bai taɓa ɗaukar ko falle ɗaya ba. Ku da kuka tashi kuna jin tafsiri a rediyo da waya ba lalle ku san ƙa'idar wannan zama ba. In mai jan baƙi ya yi tuntuɓe, duk wanda ya ji wajibi ne ya gyara masa da ƙarfi, nan take, a gaban kowa. Babu girma a wurin, babu kara, don ba maganar mutum ake karantawa ba. Shekara talatin da 'yan kai Baba yana wannan zama ba a taɓa jin muryar wani ta hau kan tasa ba, kuma mutanen Falgore suna alfahari da hakan kamar su suka haife shi.

Ni kuwa ni ne ɗan bokon gidan. Lokacin da dagaci ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya, Baba ya dube mu ya zaɓi wanda haddarsa ta fi ta kowa nauyin ƙafa, wato ni. A izu goma sha biyu na tsaya, har yau kuma a nan nake. Daga firamare sai kwalejin horon malamai a Kano, inda a shekarar ƙarshe wani malaminmu Ba'indiye, siriri mai yawan tari, ya shigo wata rana ya zana layi a allo. Layin ya gangaro da gudu, sannan ya kwanta ya miƙe a hankali. Ya ce mana wannan ita ce mantuwa, kuma wani Bajamushe ne ya fara auna ta. Sunansa yana cikin littattafanku, ku 'yan jami'a, ba sai na rubuta ba. A gidanmu ba a taɓa kiransa da shi ba. Inna ta gwada sau ɗaya harshenta ya ƙi, daga nan ya zama Bajamushen Yusha'u, kamar wani ɗan akuyar da na sayo.

Labarin mutumin ne ya fara kama ni kafin aikinsa. Falsafa ya karanta har ya zama dakta, kuma a tsakiyar karatun yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasarsu da Faransa, ya ajiye littafi ya shiga soja. Bayan haka ya yi ta yawo a Ingila da Faransa yana 'yar koyarwa don ya ci abinci, irin mu dai. A wani shagon tsofaffin littattafai ya ci karo da littafin wani ɗan ƙasarsu da ya nuna cewa ana iya auna ji da gani da lissafi, sai ya ce to me zai hana a auna tunawa. Manyan masana na lokacin suna ganin wannan ba abin aunawa ba ne, abin zama a yi ta muhawara ne. Ba shi da ɗakin bincike, ba shi da mutanen da zai gwada, sai ya mai da kansa abin gwajin. Ya ƙirƙiri gaɓoɓi marasa ma'ana sama da dubu biyu, don kada ma'ana ta taimaka masa, ya riƙa jera su yana karantawa daidai da bugun agogo har ya iya kawo su ba kuskure. Sai ya jira, wani jerin 'yan mintoci, wani awa guda, wani kwana guda, wani wata guda, sannan ya dawo ya ga nawa ya zube. Shekaru ya yi yana wannan abu shi kaɗai a ɗaki. Abin da ya gano uku ne na riƙe. Yawancin abin da zai zube a sa'o'in farko yake zubewa. Maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Na ukun shi ne ya sace mini zuciya, wai abin da ka ɗauka ka manta bai tafi duka ba, in ka koma masa ba ya cin lokacin da ya ci da farko. Daga baya ya zama farfesa, har ya fito da gwajin nan na cike gurbi da muke ba yara a aji, ciwon huhu kuma ya kashe shi bai cika sittin ba.

Da wannan na dawo gida, aka ba ni aji a wata firamare kusa da mu. Ba wanda bai sha labarin Bajamushen nan a bakina ba, har mai shayin bakin tasha. Wata rana Inna tana ɓarar gyaɗa ina ta zuba mata, sai ta ɗago.

"Wai shi mutumin nan naka, Yusha'u, sana'arsa ke nan? Ya haddace abin da ba shi da ma'ana, ya zauna yana jira ya manta?"

"Inna, bincike ne."

"Allah Ya kyauta. Mu nan ba ma jiran mantuwa, da ƙafarta take zuwa."

Da kakar shekarar, muna cirar gyaɗa, Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona. Bakinsa ya ɗan karkace na kwana bakwai, hannun hagu ya yi sanyi, aka yi rubutu aka sha, aka kuma je asibiti aka ce jini ne ya hau. Kafin wata guda ya miƙe garau, darasu ya ci gaba, kowa ya yi hamdala. Sai wata safiya ina wanke fuska a bayan zanar da ta raba tsakar gida da turakarsa, yana tilawarsa ta kullum, na ji ya kama aya a wata sura ya ƙarasa ta da ƙarshen wata mai kama da ita a wata surar daban, ya kuma bi waccan ɗin ya tafi abinsa. Wurin yana cikin izu goma sha biyun nan nawa, shi ya sa na gane. Na tsaya da buta a hannu ina jiran ya dawo, bai dawo ba.

Da ɗan arziki ne, da ya je ya gaya wa mahaifiyarsa, su yi shawara. Ni takarda mai gida-gida na sayo da jan biro. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in raɓe a bayan zanar nan da littafi a buɗe, ina bin sa aya aya, duk inda ya kauce in ɗiga ja. Makon farko na tara kuskure fiye da ɗari, ashe bugun da alhazai ke tahowa da shi daga Makka na ɗauko, alhali Baba da ƙira'ar da muka gada yake karatu. Jahilcina nake ta ƙirgawa. Na sake littafi na fara daga farko. Ƙirgen ya ragu ƙwarai, amma bai koma babu ba, kuma mako bayan mako yana ƙaruwa. Abin mamakin shi ne, a zaure kunnensa yana nan ƙalau. Gardi ya kuskura wasali, yatsan nan zai tashi kamar da. In shi ne ke jan karatun da kansa, a nan ne hanyoyin suke haɗe masa.

Da kwana arba'in suka cika na zana layina, na same shi bayan la'asar zaure ba kowa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Idonsa ya riga ya yi yana a lokacin, ya kai ta kusa da hanci, a juye ma ya riƙe ta.

"Wannan tudun na mene ne?"

"Kurakurai ne, Baba."

"Na wa?"

Ya jira, shi ba ya gaggawa.

"Naka ne, Baba. A tilawar safe."

Ya ajiye takardar a kan buzu ya shafe ta da tafin hannu.

"Tun rana ta uku nake jin motsinka a bayan zana," in ji shi. "Na zaci karatun ne ya dawo maka. Har na gaya wa mahaifiyarka kada ta aike ka da safe."

Wannan maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Amma ɗan shekara ashirin da huɗu mai sabuwar takardar shaida ba ya daɗewa a cikin kunya. Na gyara zama na fara ba shi labarin Bajamushe tun daga yaƙin. Ya saurara har ƙarshe.

"Shi wa yake riƙe masa allo?"

"Ba kowa, Baba. Shi kaɗai ne."

"Allah sarki, maraya ne a karatu. Amma ka ce ya ce abin da ya tafi yana dawowa?"

"Ya ce ba ya tafiya duka. In an bi shi a kan tsari, da sauri yake dawowa."

"A nan ya yi gaskiya, mu ma haka muka sani. Rajab jibi ne. Gobe ka shigo ta ƙofa."

Haka muka fara. Na raba masa tilawar gida uku, da safe, da azahar in na dawo daga makaranta, da bayan la'asar. Duk wurin da ya kauce sai mu koma masa washegari, mu sake komawa bayan kwana uku, mu sake bayan mako. Baba ya ce ai abin da gardawa ke yi ke nan tun kaka da kakanni, sai dai su ba su da agogo. Wahalar tawa ita ce gyaran. In ya kauce sai in yi gyaran murya, in ɗan motsa, har wata rana ya ce in ɗaga yatsa kamar mutum, shi ba ya jin yaren tari. Daga ranar na fara ɗaga wa mahaifina yatsa. Inna kuwa abin bai taɓa kwanta mata ba. Ita ta hana mu zama a zaure, ta mai da mu turaka, tana zama a bakin ƙofa da tsintar shinkafarta don kada wani ya faɗo.

"Ɗa ya zauna yana gyara wa uban da ya haife shi," ta ce mini wata rana a madafa, murya ƙasa-ƙasa. "To, tunda Malam ya yarda ba ni da ta cewa. Amma ka ji ni da kyau, abin nan iyakarsa katangar gidan nan. Ko Rakiya kada ta ji."

Na ce mata to, kuma har ga Allah da gaske na ce.

Mako biyar layin yana sauka. Wallahi na yi murna, har na fara tunanin rubuta wa Ba'indiyen nan wasiƙa. Baba ma ya sake, ya dawo da zolayarsa, yana kirana Malam Yusha'u. Sai da Sha'aban ya shiga, zafin bazara ya tsananta, layin ya tsaya cak. Bayan kwana goma ya fara hawa. Wuraren da muka gyara suna nan daram, sababbi ne suke ɓullowa a inda bai taɓa tuntuɓe ba, ka toshe nan can ya ɓalle kamar tsohon buhu. Na koma takarduna na kwaleji na karanta su ciki da bai, ban sami komai a kan wannan ba. Bajamushen lafiyayyen mutum ya auna. Bai ce komai ba a kan tsohon da jini ya taɓa wa kai a gonar gyaɗa.

Saura kwana uku a ga wata, Inna ta riga ta ƙulle wa Yaya Rakiya kuka da daddawa, Baba ya sa an sake wa keken taya. Muka gama zaman la'asar, na rufe littafi zan tashi, sai ya ce in zauna.

"Malam Yusha'u, me takardarka ta ce? In tafi ko in zauna?"

Na so in ce Allah ne masani in tsere. Amma ni na kawo takardar gidan, ba kuma zan ce yau ba ta iya magana ba.

"Baba, kowane izu kana kaucewa sau biyu, wani sau uku. A wata guda ba za a rasa ranar da za a gyara maka ba. Ina jin ma tun makon farko."

"In na riƙe littafi fa?"

Bai jira amsa ba, don mu duka mun san idon ba ya ganin baƙi. Ya daɗe yana jan carbi.

"Alhamdu lillahi. Gara da na ji daga bakinka a ɗakina. Gobe ka je ka gaya wa Malam Haladu bana ya nemi wani. Ka ce masa jiki ne. Ba ƙarya ka yi ba, ƙwaƙwalwa ma jiki ce."

Iyakar abin da aka aike ni da shi ke nan, kalma biyu, jiki ne. Ku riƙe wannan, don daga nan ne labarin da kuka ji ya rabu da abin da ya faru.

Washegari na hau keke, an yi ruwan farko, hanya duk taɓo, ban isa Falgore ba sai bayan azahar. Na tarar da Malam Haladu a zaurensa da mutum bakwai ko takwas ana shirin azumi, biyu daga cikinsu ma gardawan da ke zuwa darasu gidanmu ne. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da ruwa, sannan na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Malam Haladu ya yi salati.

"Wane irin jiki, ɗana? Ranar kasuwar Karaye an gan shi garau. Ko wani abu muka yi masa? Ka faɗa mini, in laifi ne in hau keke yanzu."

Na ce babu laifin kowa, jiki ne kawai. Sai wani dattijo daga gefe, ban ma san sunansa ba, ya yi 'yar dariya.

"Malam, ka san yaran yanzu. In sun fara ɗaukar albashi sai su ga zubar da girma ne tsohonsu ya hau keke ya zo ƙauye jan baƙi. Su suke hana su."

Da na haɗiye wannan, da shi ke nan. Za a ce ɗan boko ya hana ubansa, a zage ni wata guda a manta, Baba kuma ya ci gaba da darasunsa. Amma takardar tana aljihuna. Na sha tambayar kaina me ya sa na ɗauko ta daga gida, amsar kuma ba ta da daɗi: wanda bai yi niyyar nunawa ba ba ya ɗauka. Wata uku da 'yan kai ina aikin da nake ganin babu wanda ya taɓa yin irinsa a ƙasar Karaye, ba wanda ya sani sai tsofaffi biyu da ba su yaba ba. Na zaro ta na shimfiɗa a kan tabarma. Na nuna musu inda layin ya sauka da inda ya hau, na faɗi izu na faɗi adadi, na kawo Bajamushe da gaɓoɓinsa da agogonsa, tiryan-tiryan kamar ina gaban 'yan aji shida. Ba wanda ya katse ni. Da na ɗago, kowa ƙasa yake kallo, gardawan nan biyu ma sun juya fuska ga bango. Malam Haladu ya miƙo hannu ya ninke takardar da kansa ya sa mini a aljihu.

"Ya isa, ɗana. Ka gaishe shi. Ka ce masa na ji, jiki ne."

Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A hanyar dawowa daɗi nake ji. Ina ta maimaita bayanin a raina, ina ganin na fito da shi sarai, ban bar wa dattijon nan abin cewa ba. Ko gidan Yaya ban biya ba don ɗokin in kama hanya.

Ranar huɗu ga azumi Yaya Rakiya ta sauka daga motar kasuwa da rana tsaka. Ba ta zauna ba, ba ta cire mayafi ba, a tsakar gida ta tsaya.

"Kai ne Yusha'u mai ilimi ko? Jiya a gidan suna wata ta tambaye ni wai da gaske ne karatun Alaramma ya zube, ɗansa ya zo da shaida a rubuce. A rubuce! Shekara talatin ba a gyara masa ba, kai ka je ka gyara masa a bayan idonsa, a zauren mutane. Wa ya aike ka? Ko bare ba zai yi mana haka ba."

Inna tana zaune a kan turmi, ba ta dube ni ba. Baba yana turaka, ƙofa a buɗe, ba abin da bai ji ba. Da Yaya ta gama sai muka ji muryarsa.

"Rakiya, azumi kike. Shiga ki huta."

Ni bai ce mini komai ba, ran nan ko wata rana. Washegari da safe ya kira ni ya ce in ɗauko littafin mu ci gaba, muka ci gaba. Bayan salla kekunan suka fara raguwa. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, gaisuwar ma ƙaruwa ta yi. Gardawa sukan biyo da goro su durƙusa su yi ta yi masa addu'ar samun lafiya, sai dai allunan sun koma wani zauren a cikin gari. Ban ga laifinsu ba, an gaya musu da lissafi cewa mai gyaran yana kuskure, ba kuma wanda ya gaya musu cewa kunnensa bai taɓa kuskure ba, don wannan ba ya cikin takardata. Kafin a yi girbi sai ya zama da hantsi shi kaɗai ne a zaure, yana zaune a kan buzu da rawaninsa har rana ta take, sannan ya shigo. Zuwa Falgore dole ya bari, wannan ciwo ne ya karɓe. Darasun kuwa da sauran shekaru a gabansa, ni na karɓe shi.

Ban riƙe Bajamushen da komai ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa da tsarinsa, yaran da suka bi ta hannuna kuma sun amfana, wasunku ma da shi na koya muku jadawalin sau. Mutum ne mai haƙuri da gaskiya, kansa ya auna ya buga sakamakon kansa, bai ɗauki na mahaifinsa ya kai zauren mutane ba. Yaya Rakiya kuwa shekara shida ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba, sai rasuwar Inna ce ta haɗa mu.

Na yi niyyar neman gafararsa, Allah Ya sani. Na ce bari a sha ruwa, na ce bari a yi salla, na ce bari a gama girbi. Gaskiyar ita ce jira nake ya ɗauko maganar, ya yi mini faɗa, in sami inda zan sa kukana, shi kuwa ba halinsa ba ne. Ana haka aka yi mini canji zuwa wata makaranta a cikin Rogo, na koma sai ƙarshen mako nake zuwa. Da kaka ta zagayo ya sake faɗuwa, wannan karon a bakin rijiya. Ya tashi, amma mantuwar ta bar karatu ta shiga gida. Sunayen gonaki suka fara tafiya, sannan na maƙwabta. Inna tana gaya mini, ni kuma ina cewa gajiya ce, zai warware.

Wata Asabar da hantsi na iso na same shi a zaure, da rawaninsa, leɓɓansa suna motsi. Tun daga Rogo na taho da shirina, na ce yau ba zan sha ko ruwa ba sai na faɗa. Na jingine keke, na cire takalmi, na durƙusa har gwiwata tana taɓa buzunsa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi.

"Na yafe maka, malam, duniya da lahira. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ya ɗan karkata kai yana kallona. "Amma me ka yi mini? Kuma daga wane gari?"

Na buɗe baki zan faɗa masa duka, sai na hangi Inna a ƙofar shiga gida tana girgiza mini kai.

"Daga Rogo nake," na ce.

"Madalla, madalla. To, in ka koma ka biya Falgore ka gaida Malam Haladu. Ka ce masa ina nan tafe da azumi."

Na ce to, zan gaya masa.

Bai kai azumin ba, a Rajab ya rasu. Yafiyar da na samu ke nan, kuma na karɓa, don babu wata. Amma wani baƙo daga Rogo aka yafe wa, ɗan da ya shimfiɗa takardar bai taɓa tambaya ba lokacin da akwai mai amsa masa.